Ƙarya Biyu a Kan Kwalba Ɗaya: Amsarmu ga Masu Cewa Muna Tallar Giya



Tun daren Larabar da ta wuce wayarmu ba ta huta ba. Dalili shi ne shirin lafiya da muka gabatar a rediyo, inda muka ɗauki awa guda cur muna magana a kan giya: da me ake yin ta, kuma me take yi a jikin ɗan Adam. Wasu sun sa mana albarka, wasu kuwa sun wanke mu tas. Wani dattijo ya kira, ko sallama bai ida ba ya ce: "Ɗana, mi ya kai ku? Garin Musulmi, ku buɗe rediyo kuna koya ma ɗiyanmu yadda ake dahwa giya? Nawa anka biya ku?"

Mun ba shi haƙuri don girmansa, kuma lokacin shiri ya ƙure. Amma tun da maganar ta bazu har cikin gurup-gurup na WhatsApp, ana cewa wai mun zama ƴan tallar masu buwet, to bari mu ba da amsa a nan, a rubuce, inda kowa zai karanta ya sake karantawa.

Baba, ko dala ba wanda ya ba mu. Ga abin da ya kai mu.

Kwanaki kafin shirin, wata ƙanwarmu ta kira bayan an rufe layi, ta roƙi kada a sa muryarta a rediyo. Haihuwar fari ce, ko arba'in ba ta yi ba, nono ya yi mata ƙaranci. Wata maƙwabciya ta ce mata ai maganin wannan sananne ne: a samo baƙar giya, a gauraya da madarar gwangwani, ta sha da dare, nono zai zubo, jinin da ta zubar wurin haihuwa kuma zai dawo. Ta aiki yaro a ɓoye, ta sha dare uku. Jariri ya koma rigima, in ya kama nono sai ya saki. Tambayarta ɗaya ce: "Don Allah yaya, wai gaskiya ne magani ce?"

Yarinyar nan ba ta san ƙofar buwet ba, salla ba ta wuce ta. Tun tana makarantar allo aka faɗa mata giya haramun ce. Abin da ba a taɓa faɗa mata ba shi ne abin da ke cikin kwalbar. Shi ya sa da aka canza wa abin suna aka ce "magani", ba ta da abin kare kanta.

Shirun da muke yi da sunan kunya bai hana kowa shan giya ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya bar fili ga malamai biyu. Na farko likitan buwet, wanda bai taɓa shiga aji ba amma ya san maganin ƙoda da na jini da na zafi. Na biyu malamin WhatsApp, wanda ke ganin in dai don a tsoratar da yara ne, to ƙarya ma ta halatta. Da su biyun muke faɗa, kuma yau sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya.

ME KE CIKIN KWALBAR?

Giyar masana'anta, ko mai hoton raƙumin dawa ce da muka taso muna gani a Yamai, ko waɗanda ke shigowa daga Najeriya da Benin, abu huɗu ne ginshiƙinta.

Na ɗaya ruwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar ruwa ne.

Na biyu hatsin da aka tsirar, galibi sha'ir. Ana jiƙa shi har ya fara tsiro, sannan a busar. Tsiron nan shi ke taimakawa garin hatsin ya koma sukari, kamar dai yadda iyayenmu mata ke zuba tsiro a kunun zaƙi ya yi zaƙi ya tsinke. Wannan tsirarren hatsi shi ake kira malt. Ku riƙe kalmar, za mu dawo kanta. Masana'antu da yawa a Afirka na ƙara masara, ko shinkafa, ko dawa. A 1988 Najeriya ta hana shigo da malt ɗin sha'ir daga waje, kamfanonin giya na can suka koma kan dawa da masara, tun daga nan dawar arewa ta samu hanyar shiga tukunyar masana'anta.

Na uku furen wani tsiro mai yaɗo da ake nomawa a ƙasashen sanyi irin su Jamus, Faransawa na ce masa houblon. Shi ke ba giya ɗaci da ƙamshi, yana kuma taimakawa kada ta lalace da wuri. Ba shi ke sa maye ba.

Na huɗu yis, abin da masu gidan burodi ke cewa levure. Halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa, ido ba ya ganin ɗaya. Aikinta cin sukari. In ta ci sai ta fitar da abu biyu: iskar da ke yin kumfa, da alkol. Waɗanda muka zauna a kolej mun tuna Louis Pasteur. Shi ya nuna wa duniya cewa wannan tashin da ruwan zaƙi ke yi aikin halittu masu rai ne, har ya wallafa littafi a kan giya a 1876. Kafin shi, dokar da aka kafa a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1516 ta ce da ruwa da sha'ir da houblon kaɗai za a yi giya. Ko sunan yis ba ta ambata ba.

To ga duk sirrin. Ruwa, hatsi, fure, yis. Ba ɗaya a cikinsu da ke juya kan mutum. Abin da ke juya kai shi ne abin da yis ya haifar, wato alkol. Shi mashayi ke biyan kuɗi ya saya, kuma shi ne ake lulluɓewa da sunaye masu daɗi. Yanzu Baba, don Allah, a cikin wannan bayani ina tallar take?

LIKITAN BUWET DA MAGUNGUNANSA

Maganarsa ta farko: "Ai hatsi ce, abinci ce. Wanda ya sha kwalba biyu kamar ya ci tuwo ne." Gawayi ma daga icce yake, amma ba wanda ke zama inuwarsa. Hatsin da ya shiga tukunyar giya an tace dusarsa an kai wa dabbobi, sukarinsa kuma yis ya cinye mafi yawa. Abin da ya rage ruwa ne mai alkol da ɗan burbushin abinci. Gaskiya ne babbar kwalba na ɗauke da kalori kusan 280, shi ya sa mashayi ke jin kamar ya ƙoshi, shi ya sa kuma teɓa ke fitowa. Amma teɓa ba ƙarfi ba ce. Ku dubi wanda ya daɗe yana sha yana tsallake tuwon dare: ciki a gaba, ƙafafu kamar kara.

Ta biyu: "Tana wanke ƙoda. Ba ka ga yadda ake fitsari ba?" Mun gani. Amma ga dalilin fitsarin. Akwai wani sinadari da jiki ke sakewa, mai gaya wa ƙoda ta riƙe ruwa kada ya zube duka. Alkol na danne wannan sinadari, sai ƙoda ta saki ruwan da ya kamata ta adana. Wannan ba wanki ba ne, yoyo ne. Mai randar da ta huje ba ya cewa randarsa na wanke kanta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tawa da Ƙonni, mutum ya wuni yana gumi a kan babur, ya zo ya zauna kan sanyin kwalba yana cewa yana kashe ƙishirwa. Harshe ne kawai ya ji sanyi. Bushewar baki da ciwon kan da yake tashi da su da safe, su ne shaida. Mai son ƙodarsa, ruwan randa ya fi masa, kuma kyauta ne.

Ta uku, wadda ta kama ƙanwarmu: "Baƙar giya na ƙara jini." Ina jinin yake? Mutane sun ga baƙi-baƙi mai ja-ja sun ɗauka dangin jini ne. Wannan launi daga sha'ir ɗin da aka gasa yake, kamar yadda ake gasa kofi ya yi baƙi. Sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata don yin jini, abin da ke cikin kwalba guda bai kai miligiram ɗaya ba, alhali mace baliga na buƙatar wajen miligiram 18 a rana. Sai ta sha kwalba nawa ke nan? Kafin jinin ya zo hanta ta tafi. Kuma baƙar giyar da ake yi a yankinmu ta fi fara ƙarfi, tana kai wa kashi 7,5 na alkol. Ga hanta da nama a kasuwa, ga wake, ga zogale a bayan ɗaki, ga ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mata wurin awo. Madarar da ake zubawa a cikin giyar kuwa, da an sha ta ita kaɗai da ta fi amfani.

Ta huɗu: "Tana kawo nono." A nan akwai ɗan ƙwayar gaskiya da aka gina katangar ƙarya a kai. Masana sun ga cewa wani abu a cikin sha'ir na iya motsa sinadarin da ke sa jiki yin nono. Sha'ir ɗin fa, ba alkol ba. Shi alkol akasin haka yake yi: yana danne sinadarin da ke sa nonon ya sauko. An gwada an gani, a cikin awa uku zuwa huɗu bayan uwa ta sha, abin da jariri ke samu na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Uwa na jin nono ya cika ya yi nauyi, tana murna magani ya ci, alhali bai fita ba ne. Bugu da ƙari, alkol na shiga cikin nonon daidai gwargwadon yadda yake cikin jininta. Ga mai ciki kuwa abin ya fi muni, don yana ratsawa ya kai ga ɗan da ke ciki, ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, taɓin da ba ya gyaruwa.

Ta biyar ita ce ta samari: "Ni fa giya kawai nike sha, ba ni taɓa wiski." To mu yi lissafi, irin na ƴan CM2. Babbar kwalba santilita 65 ce, alkol ɗinta kashi 5 cikin 100. Wato akwai tsantsar alkol mililita 32 da rabi a ciki. Wiski kashi 40 ne. Kafin ka samu wannan adadin a wiski sai ka sha santilita 8, kusan ƙananan kofi uku irin na buwet. Wanda ya sha kwalba uku a zama ɗaya, kuma mun san uku ba komai ba ce wurin wasu, daidai yake da wanda ya kwankwaɗi kwatan lita na wiski. Alkol ɗin iri ɗaya ne. Bambancin kawai, na giya ya zo da rakiyar ruwa da kumfa, shi ya sa ba a jin shigarsa.

Ta shida: "In na sha kofi mai ƙarfi, ko na ci goro, ko na watsa ruwan sanyi, sai ya sake ni." Ba ya saki. Hanta ce ke ƙone alkol, kuma tafiyarta ɗaya ce, ba a yi mata gaggawa. Babbar kwalba guda na ɗaukar ta awa biyu zuwa uku. Kofi da goro ido kawai suke buɗewa. Sai ka samu mai maye wanda ba ya jin barci, ya hau babur yana ganin garau yake, alhali tsakanin ganin rami da taka birki an samu jinkiri. Wannan jinkirin na ƙiftawar ido shi ke raba mai kabu-kabu da gida. Kuma ba shi kaɗai ke kan babur ɗin ba. Bayansa akwai matar wani da goyo, akwai ɗalibi da jakar lekwal.

Sai ta ƙarshe, ta masu kishin gargajiya: "Burkutu namu ne, dawa ce zalla, ba kemikal irin na Nasara." Gaskiya ne burkutu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, an san shi tun kaka da kakanni. Amma hanyar ɗaya ce: a jiƙa dawa, ta tsira, a busar, a niƙa, a dafa, a bari ya tashi. Yis ɗin da ke aiki a tulu ɗan'uwan na masana'anta ne, alkol ɗin da yake haifarwa kuma shi ne dai. Abin da ya bambanta su, ita kwalba an rubuta ƙarfinta a jiki, ita ƙwarya ba wanda ya auna. Na yau daban, na gobe daban, kuma yana ci gaba da tashi a cikin tulun. In an yi da hatsin da ya yi funfuna, gubar funfunar ba ta mutuwa duka da dafuwa, kuma hanta take nufa. Kasancewar abu namu ba ya mayar da shi magani. Kunama ma ta gida ce.

MALAMIN WHATSAPP DA TSORATARWARSA

Yanzu mu juyo gida, don a nan ne za a fi jin haushinmu.

Kowa ya taɓa samun irin muryar nan da ake turawa gurup-gurup: wani ya rantse da Allah cewa wani ya gaya masa, wanda ya yi aiki a masana'anta, wai da kitsen alade ake yin giya, wai kumfar ma ta alade ce. Jama'a, kumfar giya iskar da yis ya fitar ce, sinadaran hatsi da na houblon ke riƙe ta. Kitse ma kashe kumfa yake yi. Abin da muka sani, a wasu wurare akwai masu tace giya da wani abu mai yauƙi da ake samu daga kifi ko daga fatar dabba, don ta yi garau. Wannan matata ce, ba ita ce giyar ba, kuma ba ita ke sa maye ba.

Za a ce, to mene ne laifi in an ƙara gishiri don yara su ji tsoro? Laifin babba ne. Yaron yau da waya a hannunsa yake. Minti biyu ya ishe shi ya gano ba alade a cikin jerin kayan haɗin. Daga ranar da ya kama ka da ƙarya ɗaya, sauran gaskiyarka tara ta zube. Zai ce a ransa, ashe duk tatsuniya ce. Mafi muni, ka koya masa cewa matsalar giya alade ce. To ga shi ya tabbatar babu alade, saura me? Da hannunka ka buɗe masa ƙofa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da niyyar alheri aka haƙa shi.

Mu ba malamai ba ne, fatawa tasu ce. Amma abin da muka ji daga bakinsu tun muna yara, kuma suna kafa hujja da aya ta 90 a Suratul Ma'ida, shi ne hanin yana rataye ne a kan maye, ko daga inabi abin ya fito, ko dabino, ko dawa. Hujjar da ta tsaya da ƙafarta shekaru fiye da dubu ba ta buƙatar a tokare ta da alade.

Sai maganar lemun malt, irin su Maltina da Malta Guinness. Mun ga gidan biki da aka mayar da katan-katan don wani ya ce giya ce aka canza wa riga. Mun ji mai shago da aka daina gaisawa da shi a unguwa saboda ita. Ku tuna mun ce ku riƙe kalmar malt. Malt tsirarren hatsi ne kawai. In aka dafa shi aka tace, ana samun ruwan zaƙi. In an zuba wa ruwan nan yis aka bari ya tashi, ya zama giya. In ba a bari ya tashi ba, aka ƙara sukari da launi aka rufe a kwalba, ya zama lemun malt. Mahaifinsu ɗaya, hanya ta raba su, kuma mararrabar ita ce aikin yis. Wanda ya ce shi ba zai saya ba don ba ya son kuɗinsa ya shiga aljihun kamfanin da ke yin giya, wannan ra'ayi ne mai daraja, muna girmama shi. Amma ya faɗi hakan, kada ya ce abin na sa maye, kada kuma ya ɓata sunan maƙwabcinsa. In ma akwai abin tsoro a lemun malt, to sukari ne. Shi ma ba ya ƙara jini, kuma mai ciwon sukari ya yi nesa da shi.

Inda ya kamata a buɗe ido kuwa, ba a buɗewa. Gwangwanin da aka rubuta wa "bière sans alcool" daban yake da lemun malt. Mafi yawansa giya ce da aka yi sannan aka cire mata alkol, ko aka tsayar da tashinta da wuri. A dokar Faransa, ana iya kiran giya "sans alcool" ko da tana da alkol har kashi 1,2. A ƙasashe da yawa iyakar kashi 0,5 ce. Wanda aka rubuta wa 0,0 shi ne aka ce an cire kusan duka. To ka ga mai tura murya yana can yana yaƙi da abin da ba ya sa maye, ga wanda ke da saura yana wucewa ta gabansa, don bai iya karanta jikin gwangwani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Har burodi da kunu ba su tsira ba. An ce yis giya ne, an ce kunun da ya yi tsami ya zama burkutu. Yis ɗin burodi na tashin ƙullu, ɗan alkol ɗin da ya haifar kuma zafin tanda na korar mafi yawansa. Ba a taɓa ɗauko wanda burodi ya bugar ba. Tsamin fura da koko da nono kuwa, galibi aikin wasu ƙwayoyin halitta ne daban, masu mayar da sukari tsami. Gaskiya ne kunu mai zaƙi in aka bar shi kwana da kwanaki cikin zafi zai fara kumfa ya canza wari, kuma a nan kowace uwa ta san zubarwa ake yi. Amma a dubi baiwar Allah da ke tashi tun asuba tana dama kunu don ta ciyar da marayu, a ce mata mai giya, wannan zalunci ne.

GASKIYAR TA ISA

Abin da ke ba mu mamaki shi ne, mai son ya hana shan giya ba ya buƙatar ƙirƙiro komai. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa abin sha mai alkol a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa, rukuni ɗaya da taba. A farkon 2023 hukumar ta fito ta ce babu wani adadin alkol da za a ce ba ya cutar da lafiya. Rahotonta na 2024 ya ce a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 2,6 suka mutu a duniya ta dalilinsa. Mu kuma a nan muna da ƙarin dalili: ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, da yawa na ɗauke da shi ba su sani ba, kuma zuba alkol a kan irin wannan hanta zuba fetur ne a kan wuta.

Ga kuma aljihu. A ce jika guda kawai mutum ke ajiyewa a buwet kowane dare. Jika talatin ke nan a wata. Ku tambayi uwargida abin da jika talatin ke yi a gida lokacin da gero ya yi tsada.

Mun san a ƙasar nan akwai ƴan'uwanmu da addininsu bai hana su sha ba, kuma doka ba ta hana sayarwa ga mai lasisi ba. Ba mu zo zagin kowa ba. Amma hanta ba ta tambayar addinin mai ita, kwalta ma haka. Wanda zai sha, ya sha da sanin abin da yake sha. Kada ya ce magani ne, kada ya miƙa wa mai jego, kada ya hau babur.

Don haka ga roƙonmu. Malamanmu, ku ci gaba da wa'azi, amma in za a shiga bayanin abin da ke cikin kwalba, a gayyato likita ya zauna kusa. Ungozomomi da ma'aikatan CSI, ku riƙa faɗa wa mata wurin awo ƙarara cewa baƙar giya ba ta ƙara jini, ba ta kawo nono. Kada ku ɗauka don mace ta sa hijabi maganar ba ta kai kunnenta ba, a soro da bayan katanga ake raɗa ta. Masu riƙe da gurup, duk muryar da ta fara da "wani ya gaya mini" ta ƙare da "tura wa mutum goma", ku tsayar da ita a wurinku. Iyaye kuma, in yaro ya yi tambaya a ba shi amsa. In ka kore shi da tsawa, akwai mai jiran sa a bakin buwet da amsa a shirye, har da kujera.

Ita ƙanwar tamu, mun ce ta daina nan take ta tafi CSI. Ungozoma ta duba ta, ta gyara mata yadda take riƙe jariri, ta ce ta riƙa sa shi a nono akai-akai dare da rana, ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa da kunu, ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Shekaranjiya ta sake kira, muna jin kukan yaron a bayanta, ta ce nono ya zo. Ta ce mu faɗa wa sauran mata. To mun faɗa.

Baba, in wannan rubutu ya iso gare ka, ko wani jika ya karanta maka, ka yafe mana in mun ɗaga murya. Abin da kake tsoro shi muke tsoro, ɗiyan nan namu ne duka. Laraba mai zuwa bayan sallar isha'i za mu koma kan maganar, da likita da malami a ɗakin shiri. Layi a buɗe yake, kuma in ka kira, kai za mu fara ɗauka.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Wanda ke da gyara ko ƙari, ga wurin sharhi nan ƙasa, amma don Allah a zo da hujja.